Sinadaran da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa, da dalilin da ya sa maganin damuwa ba ya aiki nan take

Tambaya: Likita ya ɗora ƙanena a kan maganin ciwon damuwa mai suna fuloksetin, ya ce matsalar tana da alaƙa da sinadaran da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa. Yau kwana 10 ke nan yana sha, ba mu ga wani canji ba, sai ma tashin zuciya. Waɗanne sinadarai ne waɗannan? Ana iya auna su a jini? Akwai abincin da ke ƙara su? Kuma ya daina shan maganin ne tunda bai karɓe shi ba?

Amsa: Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, ɗan'uwa. Kada ya daina sha. Kwana 10 bai isa a yanke wa irin wannan magani hukunci ba. Yawanci sai an yi mako 2 zuwa 4 ake fara ganin sauƙi, kuma likita ba ya cewa magani bai karɓi mutum ba sai an kai mako 4 zuwa 6 ana shan sa kullum a kan adadin da ya dace. Tashin zuciyar kuwa sananne ne, yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma shan maganin da safe bayan karin kumallo yana rage shi. Abin da ba a jira a kansa shi ne idan ya fara zancen mutuwa ko cutar da kansa, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya yi kwanaki ba barci yana ta surutu da ƙarfin da bai saba ba. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a koma asibiti a ranar, musamman idan bai kai shekara 25 ba.

Sauran tambayoyinka amsarsu tana cikin yadda saƙo ke tsallakawa daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata, don haka sai ka yi haƙuri mu bi ta can.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Kowace tana da jiki, da rassa masu karɓar saƙo, da doguwar jela guda ɗaya mai fitar da shi. A cikin ƙwaya ɗaya, saƙo lantarki ne. Idan tana hutawa, cikinta ya gaza wajenta caji da kimanin milibolt 70. Da zarar an zungure ta har wannan tazara ta ragu zuwa wajen 55, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, wuta ta tashi ta bi jelar nan har ƙarshe, a wasu jijiyoyin da gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa ɗaya. Amma a ƙarshen jelar akwai rata. Ƙwayoyin ba su manne da juna ba. Tsakaninsu akwai wani ɗan fili mai faɗin nanomita 20 zuwa 40, wanda silin gashin kai ɗaya ya fi shi kauri fiye da sau 1,000. Wutar ba ta tsallake shi. Kamar ɗan aike ne ya sheƙo a kan babur har bakin kogi, dole ya miƙa wa mai fito takardar. Masu fiton nan su ne sinadaran da likita yake nufi, wurin da ake miƙa saƙon kuma mu kira shi mahaɗa.

Ga abin da ke faruwa a mahaɗar. Wutar da ta iso tana buɗe ƙofofin kalsiyam. Kalsiyam ya shiga, sai ya sa wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, kowace cike da dubban ƙwayoyin sinadari, su manne da bangon jelar su zazzage abin da ke cikinsu a cikin ratar. Sinadarin ya haye ya zauna a kan makarɓa da ke jikin ƙwayar da ke ɗaya gefen, kuma kowane sinadari da irin makarɓansa, yadda kowace ƙofa take da makullinta. Duk wannan a cikin kusan kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa. Sai mataki na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa da shi alhali a kansa yawancin magunguna suke aiki: share mahaɗar. Saƙon da bai tashi daga kan makarɓi ba ya zama hayaniya. Ana share shi ta hanyar wani famfo da ke zuƙe sinadarin ya mayar da shi cikin jelar da ta sake shi, ko wani inzayim, wato sinadarin da jiki ke sarrafa wasu sinadarai da shi, ya farfasa shi nan take, ko ƙwayoyin da ke kewaye da jijiyoyin su kwashe shi.

Wanda ya fara tabbatar da cewa sinadari ne ke kai saƙon shi ne Otto Loewi, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, a 1921. Ya ɗauki zuciyar kwaɗo guda biyu masu bugawa a cikin ruwan gishiri. Ya zunguri jijiyar da ke rage bugun ta farko, ta rage gudu, sai ya ɗebi ruwan da ke kanta ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu ba tare da an taɓa jijiyarta ba. Abin da ke cikin ruwan shi ne asetilkolin, kuma a 1936 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Henry Dale na Ingila. Yau an san irin waɗannan sinadarai fiye da 100, amma kaɗan daga cikinsu ne ke ɗauke da mafi yawan aikin.

Asetilkolin ɗin nan shi ya fi nuna muhimmancin shara, kuma misalinsa yana cikin gidajenmu. Shi ne ke gaya wa tsoka ta motsa, shi ke sa yawu da gumi da hawaye su fito, hanji ya yi motsi, zuciya ta rage gudu. A cikin ƙwaƙwalwa kuma yana da hannu a mayar da hankali da riƙe abu. Inzayim ɗin da ke share shi yana farfasa dubbai a daƙiƙa guda. Fiya-fiya da Sniper da sauran magungunan ƙwari danginsu wannan inzayim suke ɗaurewa. Dubi manomin da ya yi feshi da rana tsaka ba takunkumi, rigarsa ta jiƙe da maganin, ko yaron da ya ɗauki kwalbar lemo da aka zuba fiya-fiya a ciki. Za ka ga yawu yana dalala, gumi sharkaf, hawaye, amai da gudawa, tsakiyar idonsa ta tsuke kamar kan allura, naman jikinsa yana ɓari, ƙirjinsa yana ƙugi saboda ruwan da ya cika hanyar iska. Ba wani sabon abu ne ya shiga jijiyoyinsa ba, nasa asetilkolin ne ya taru ba mai kwashewa. Abin yi shi ne a tuɓe masa kayan, a wanke fatar da ruwa da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, domin abin da ya dawo yana iya faɗawa huhu. A asibiti atirofin ake yi masa ta jijiya, a fara da miligiram 1 zuwa 3 ga babba, a riƙa ninkawa duk minti 5 har ƙirjin ya washe. Tunda kuwa akwai mai ciwon damuwa a gidanku, ku kawar da irin waɗannan kwalabe daga inda hannunsa zai kai. Wannan ba zargi ba ne, kulawa ce da ake yi wa kowane mai wannan ciwo.

Zaƙami kishiyar fiya-fiya ne. Yana ɗauke da atirofin da ɗan'uwansa sikofolamin, masu toshe makarɓan asetilkolin. Shi ya sa wanda ya sha shi bakinsa ke bushewa ƙayau, jikinsa ya yi zafi ba gumi, tsakiyar idonsa ta buɗe, fitsari ya ƙi fita, yana ta kama abubuwan da babu su a iska, washegari kuma ba ya tuna komai. Exol da matasa ke sha ba bisa ƙa'ida ba shi ma ta wannan ƙofa yake bi. Sinadari ɗaya ne, ya yi yawa a can, an toshe shi a nan, kuma duka biyun suna iya kai mutum kabari.

A cikin ƙwaƙwalwa kanta, masu babban aiki su biyu ne: gulutamet da GABA. Gulutamet shi ne mai cewa "tashi", kuma mafi yawan mahaɗun ƙwaƙwalwa da shi suke magana. GABA shi ne birki. Idan ya zauna a kan makarɓinsa sai ƙofar kulorayid ta buɗe, cikin ƙwayar ya ƙara nisa da matakin tashin wuta. Ƙwaya ɗaya tana iya samun saƙo daga mahaɗu dubbai a lokaci guda, wasu na cewa tashi, wasu na cewa dakata, ita kuma ta auna ta ga wanne ya rinjaya. Tunani da magana da tafiya duk daga wannan awo suke fitowa.

Koyo ma a nan yake. Ɗaya daga cikin makarɓan gulutamet, wanda ake kira NMDA, bakinsa a toshe yake da maganiziyam, kuma toshiyar ba ta fita sai saƙo ya zo a daidai lokacin da ƙwayar take a farke. Idan hakan ta faru, kalsiyam ya shiga, ƙwayar ta ƙara yawan makarɓa a wannan mahaɗa, gobe saƙon ya fi saurin wucewa. Tilawar da almajiri yake maimaitawa kowace asuba wannan aikin take yi a mahaɗunsa. Amma gulutamet idan ya wuce kima guba ne. A shanyewar ɓarin jiki, idan jini ya yanke wa wani sashe, famfunan shara suna tsayawa saboda rashin kuzari, gulutamet ya malala, kalsiyam ya cika ƙwayoyin ya kashe su, har da na maƙwabta. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake cewa kada a kwana da mai shanyewar ɓarin jiki a gida. Wasu kan tambaya ko farin magi, tunda gulutamet ne, yana shiga ƙwaƙwalwa. Hanji yana cinye mafi yawansa, kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke hana saura wucewa. Wannan shinge ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Idan birki ya yi rauni, jijiyoyi da yawa sukan tashi tare a lokaci ɗaya, wannan ita ce jijjiga, idan tana maimaituwa kuma a ce farfaɗiya. Abin sha'awa, daga gulutamet ake yin GABA, kuma inzayim ɗin da ke wannan juyi ba ya aiki sai da bitamin B6. Maganin tarin fuka mai suna isoniyazid yana rage wannan bitamin, shi ya sa ake haɗa shi da B6 ga masu juna biyu, masu ciwon suga, masu cutar ƙanjamau da waɗanda suka rame, kuma idan wani ya sha shi fiye da kima ya kama jijjiga, B6 ɗin ne maganinsa. Cutar sarƙe-haƙora ita ma cutar birki ce: gubar ƙwayar cutar tana bin jijiya har laka, ta yanke abin da ke sa jakunkunan GABA da na gilaisin, wanda shi ma birki ne, su zazzage. Tsoka ta rasa mai ce mata saki, haƙora su datse, baya ya lanƙwashe kamar baka.

Diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, da finobabiton da giya duk birkin nan suke ƙara wa ƙarfi. A nan ne za ka ga wata ɗabi'a ta ƙwaƙwalwa da ke bayanin rabin tambayarka. Ƙwaƙwalwa ba tulu ba ce da ake zuba mata abu ya zauna. Duk abin da ka matsa mata da shi kullum, tana gyara kanta don ta dawo daidai. Wanda ya yi watanni yana shan diyazefam, ƙwaƙwalwarsa tana rage amsa wa GABA, ta ƙara kunnen jin gulutamet. Ƙwaya ɗaya ta daina isarsa, ya koma biyu, ya koma huɗu. Ranar da ya yanke farat ɗaya, an cire birkin aro alhali nasa ya riga ya lalace, sai rawar jiki, rashin barci, firgici, wani lokaci jijjiga mai kisa. Haka mai farfaɗiya da ya ga ya yi wata shida bai faɗi ba ya ajiye finobabiton. Irin waɗannan magunguna a hankali ake janye su, cikin makonni ko watanni, a hannun likita.

Akwai wani rukuni da aikinsu ya bambanta. Dofamin, noradirenalin, sirotonin da histamin ba su cika ɗaukar saƙon "tashi" ko "dakata" kai tsaye ba. Ƙwayoyin da ke yin su 'yan kaɗan ne, dunƙule a wasu ƙananan wurare a gindin ƙwaƙwalwa, amma jelolinsu sun bazu ko'ina. Mafi yawan makarɓansu ba ƙofa suke buɗewa nan take ba, wani aiki suke tayarwa a cikin ƙwayar wanda kan ɗauki daƙiƙoƙi ko mintuna, wani lokaci ya kai ga canza abin da ƙwayar ke ƙerawa. Su ne ke saita yanayi: a farke kake ko barci kake ji, kana da himma ko jikinka a mace yake. Piriton yana sa barci ne don yana toshe histamin a ƙwaƙwalwa.

Dofamin an cika kiransa sinadarin jin daɗi, kuma wannan suna ya rage masa daraja. Aikinsa ya fi kusa da sa mutum ya tashi ya nema, da koya masa abin da ya cancanci a sake nema. Yana kuma riƙe da motsi. Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ne ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa shi ma ɗan saƙo ne mai zaman kansa. A ciwon Fakinsin, ƙwayoyin da ke yin dofamin a wani baƙin wuri na tsakiyar ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma alamu ba sa bayyana sai rabinsu ko fiye sun tafi: hannu yana karkarwa idan an ajiye shi, tafiya ta zama gajerun taku, fuska ta daskare, rubutu ya ƙanƙance. A nan kam akwai ƙarancin sinadari na gaske. Duk da haka ba a ba majinyaci dofamin, domin ba ya tsallake shingen nan. Lebodofa ake ba shi, wanda ke tsallakawa sannan ya rikiɗe ya zama dofamin a ciki, a haɗa da kabidofa don kada ya rikiɗe tun a hanya. Nama da wake suna gasa da shi wajen shiga, don haka idan an ga ƙarfinsa yana raguwa akan ce a sha shi rabin awa kafin abinci. Magungunan taɓin hankali irin su Largactil da halofaridol kuwa toshe makarɓan dofamin suke yi. Suna kwantar da jin muryoyi, amma tunda ba su san hanya ɗaya daga wata ba, suna iya kawo sandarewar jiki, karkarwa, ɗaukewar al'ada, ko ruwan nono ga wadda ba ta shayarwa. Har maganin amai Maxolon yakan sa wuyan matashi ya murɗe, idonsa ya kafe sama, a ɗauka iska ce ta taɓa shi, alhali allura ɗaya a asibiti ke warware shi.

Yanzu ga na ƙaninka. Sirotonin yana da hannu a yanayin zuciya, barci, cin abinci, sha'awa da jure ciwo, kuma yana da makarɓa iri 14. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, ba a ka ba. Wannan ne ya sa tashin zuciya ke riga sauƙi zuwa. Fuloksetin, wanda ake sayarwa da sunan Prozac, Amurka kuma ta amince da shi a 1987, famfon da ke zuƙe sirotonin yake toshewa, kuma cikin awoyi kaɗan yake yin haka. To me ya sa sauƙi ke ɗaukar makonni? Ƙwayoyin da ke yin sirotonin suna da nasu makarɓa a jikinsu, masu auna yawan abin da ke kewaye da su. Da maganin ya sa sirotonin ya taru, sai waɗannan makarɓa su ce ya isa, ƙwayar ta rage aikawa. Maganin yana turawa, ƙwaƙwalwa tana ja. Sai an yi mako 2 zuwa 3 ana matsawa kullum kafin makarɓan su saduda, aikawa ta dawo daidai alhali famfon yana toshe. Bayan haka kuma akwai aikin da ya fi wannan jinkiri, na sake ginin mahaɗu a sassan da ke kula da tunani da tsoro. Shi kansa maganin yana daɗewa a jiki, sai ya yi kusan wata ɗaya kafin adadinsa a jini ya daidaita. Mai sha yau ya tsallake gobe yana mayar da wannan aiki baya ne. Sau da yawa ma 'yan gida ne ke fara lura da sauƙin kafin shi: barci ya gyaru, ya fara cin abinci, ya yi wanka ba a ce masa ba, ya fito zaure.

Ina so ka fahimci maganar likitan daidai. Ba a tabbatar da cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kawai ba, yadda Fakinsin yake ƙarancin dofamin. Ruwa yana kashe gobara, amma ba rashin ruwa ne ya tayar da ita ba. Gado, rashi, bashi, zaman gida mai ɗaci, doguwar jinya, haihuwa, shaye-shaye da rashin barci duk suna shiga, kuma dukkansu ta kan waɗannan mahaɗu suke bi. Maganin yana taimakon mutane da yawa, ya fi kuma amfani idan an haɗa shi da zaman tattaunawa da ƙwararre. Ciwo ne, ba raunin imani ba ne ko rashin tawakkali, kuma addu'a da magani ba sa karo da juna.

Batun aunawa a jini, babu gwajin da ke nuna yawan sirotonin ko dofamin a ƙwaƙwalwar mai rai ta hanyar ɗibar jini ko fitsari ko yawu. Sirotonin na jini daga hanji ya fito, yana ajiye a cikin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, kuma shingen nan ya raba shi da na ƙwaƙwalwa. Ko da an iya aunawa, lamba ɗaya ba za ta gaya maka komai ba, domin abin da ke da muhimmanci shi ne a wace mahaɗa, a wane lokaci, kuma makarɓa nawa ne ke saurare. Duk wanda ya ɗora maka hannu a kan wata na'ura a kasuwa ko a shagon magani ya ce ya ga sinadaran ƙwaƙwalwarka sun yi ƙasa, kuɗinka yake so. Gwaje-gwajen da suke da amfani su ne waɗanda ke neman cututtukan da ke kama da damuwa: ƙarancin jini, aikin maƙoƙo, suga, bitamin B12, da aikin hanta da ƙoda.

Abinci yana ba da kayan gini ne, ba ya ba da sinadarin kansa. Ayaba tana da sirotonin, amma ba ya isa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin GABA da ake tallatawa a intanet su ma da ƙyar wani abu daga cikinsu ke tsallakawa. Sirotonin daga tiriftofan ake yin sa, dofamin da noradirenalin daga tayirosin, asetilkolin daga kolin, kuma duk suna cikin ƙwai, madara, kifi, nama, gyaɗa, wake da awara. Inzayim ɗin da ke sarrafa su suna buƙatar sinadarin ƙarfe da B6 da folet, waɗanda ake samu a hanta, zogale, alayyafo da wake. Babba mai nauyin kilo 60 tiriftofan ɗin da yake buƙata a rana bai wuce miligiram 240 ba, kuma abincin gida mai ɗan wake ko ƙwai yana cika wannan. Wanda ke fama da yunwa ko ƙarancin jini, gyara abinci zai taimake shi sosai. Wanda yake ƙoshe, ƙarin ƙwai ba zai ƙara masa sirotonin ba, don ƙwaƙwalwa ce ke tsara abin da za ta ƙera. Abin da ya fi tasiri shi ne tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30 kwana 5 a mako, fita hasken safiya, da kwanciya da tashi a lokaci ɗaya.

Barci ya sa dole in taɓo shayi da goro. Tun daga asuba wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Sinadarin nan mai suna kafin da ke cikin goro, shayi da kofi kujerar adenosin yake hayewa ya hana shi zama. Gajiyar tana nan, jin ta ne aka toshe. Jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya fitar da rabinsa, don haka wanda ya sha shayi mai kauri a teburin mai shayi da ƙarfe 6 na yamma, rabin kafin ɗin yana jikinsa da 11 na dare. Ƙaninka ya tsayar da su daga azahar. Idan ya saba da yawa, ya rage a hankali, in ba haka ba ciwon kai zai kama shi cikin awa 12 zuwa 24.

Gargaɗi mafi nauyi shi ne tiramadol, kuma ku tambaye shi a keɓe, cikin lalama, ko yana sha. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda kafin binciken, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramadol da kodin, kuma a 2018 ɗin ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Jiki yana da nasa sinadaran rage raɗaɗi, dangin endofin, waɗanda aka fara ganowa a Aberdeen ta Sikotilan a 1975, kuma makarɓansu waɗannan ƙwayoyi ke hawa. Tiramadol kuwa aiki biyu yake yi. Hanta tana juya shi ya zama abin da ke hawa makarɓan endofin, shi kansa kuma yana toshe famfon sirotonin da na noradirenalin. Iyakarsa ga babba miligiram 400 ne a rana, a rarrabe, amma na bayan fage ƙwaya ɗaya tana ɗauke da 200 ko 225, sai ka ga mai aikin ƙarfi ya haɗiye biyu da ruwan leda kafin ya fita. Shi ya sa jijjiga ta yi yawa a tsakanin masu shan sa.

Haɗa shi da fuloksetin ya fi haka muni. Famfon sirotonin ya samu matoshi biyu, sannan fuloksetin yana danne inzayim ɗin hanta da ke juya tiramadol, sai rage ciwon ya ragu, ɓangaren da ke kawo jijjiga ya taru, mutum kuma ya ƙara sha don bai ji ya yi masa aiki ba. Alamun sirotonin ya yi yawa sukan zo cikin awoyi: zazzaɓi, gumi, gudawa, rawar jiki, ƙafafu suna fizga da kansu, ruɗewa. Wannan na ɗakin gaggawa ne. Allurar nalokson da ake yi wa mai shan ƙwaya wanda numfashinsa ya yi ƙasa ɓangaren endofin kawai yake warwarewa, ba ya taɓa na sirotonin. Saboda daɗewar fuloksetin a jiki, wannan haɗari yana nan har kusan mako 5 bayan an daina shan sa. Duk inda za a rubuta masa maganin ciwo, na tari ko na barci, har da kemis na unguwa da mai maganin gargajiya, ya faɗa musu abin da yake sha. Farasitamol ba shi da matsala. Ibufurofen da asfirin a yi hattara, domin haɗuwarsu da shi tana ƙara yiwuwar zubar jini a ciki.

Idan ya samu sauƙi, ba ranar ake ajiye maganin ba. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan warkewa, fiye da haka idan ciwon ya taɓa dawowa, sannan a janye a hankali yadda likita ya tsara. Idan mako 6 ya cika ba wani motsi, likita zai iya ƙara adadin daga miligiram 20 da aka saba farawa da shi, ko ya canza wani, ko ya tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa mafi kusa ko asibitocin tarayya irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Kafin ranar komawa, ku samu ɗan littafi ku riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, sau nawa ya ci abinci, ya fita ko bai fita ba, da ranar da ya manta bai sha ba, ku tafi wa likita da shi.